Wake Mai Hanci a Tabarmar Ciyayya

Kafin wani ya tambaya, bari in faɗi iyakar karatuna. A boko aji huɗu na tsaya. Ranar da malamin lissafi ya ce a raba lemo uku ga mutum huɗu, na ce a ƙaro lemo ɗaya kowa ya huta, ya zane ni, na koma gona. A allo kuwa na yi nisa har inda mutum ke fara jin shi malami ne, ban dai kai inda yake gane ba malami ba ne. Saboda haka duk abin da zan rubuta a nan game da wake, a karɓe shi da ladabi.

A unguwarmu a Birnin Kudu har yau muna ciyayya. Yaran yanzu in sun ji kalmar sai su zaci sunan wata cuta ce, to ga abin da take nufi. In an sallame magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, a jera kwanuka, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, hannun kowa a kwano guda. Akwai liman. Akwai mahauci, asalinsa mutumin Dingaya, wanda kwanonsa ba ya rabo da nama ko da gari ya ƙone. Akwai wani malamin asibiti mai ritaya da muke kira Dakta, Kirista ne daga Filato, ya zo aiki da ƙuruciya ya tsufa a cikinmu, har 'ya'yansa sun fi nawa iya zagi da Hausa. Sai wasu biyu da ba su da aiki a labarin nan sai tauna. Sai ni.

Ciyayya tana da doka biyu, ba wanda ya kafa su, ba kuma wanda ya isa ya karya. Ta farko, magidancin da kwanonsa bai fito ba shi ma ba ya fitowa, baƙo kaɗai ke zama hannu rabbana. Ta biyu, kwano ba ya komawa gida a cike. Mu maza ci kawai muka sani, amma matan gida karanta kwano suke yi. In ya dawo a suɗe, an yaba. In ya dawo da saura, an yi kara. In ya dawo yadda ya fita, to an zagi matar gidan a bainar jama'a, kuma kafin gari ya waye labari ya tsallaka kowace katanga.

Ni ne babba a tabarmar, don haka rabon nama a hannuna yake. Wannan ita ce sarauta ɗaya tilo da na taɓa riƙewa a duniya, kuma na riƙe ta da adalci, sai dai mai rabo dole ya ɗanɗana don ya san abin da yake raba wa mutane. Tun ina da baƙin gemu nake zama a tabarmar nan. A can nake jin wanda ya mutu, wanda ya sayar da gona, wanda ɗansa ya kunyata shi. In an raba ni da ita, ban san abin da zan yi da magariba ba.

Wata damina babban ɗan yatsan ƙafata ya wayi gari ya yi ja, ya kumbura kamar an ɗaura mini tumatir. Ko gefen zane ya taɓa shi sai na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Na sha saiwa, na shafa man shanu, na zargi mutum biyu a raina, abin bai sauka ba. Daga ƙarshe aka ɗora ni a acaba sai asibiti. Kuskuren da na yi, kuma ina gargaɗin duk mai aure, shi ne na tafi da mai ɗakina.

Likitar wata 'yar siririya ce, sa'ar jikata. Ta duba yatsan, ta auna jini, ta ce, "Baba, me kake ci?"

Na ce, "Abin da Allah ya hore."

Mai ɗakina ta ce daga bayana, "Kayan ciki da safe, balangu da la'asar, ɓargo da magariba. Ranar kasuwa kuma kai da ƙafa."

Ban taɓa sanin ana bin diddigina ba sai ranar. Likita ta rubuta magani, ta ce in bar nama, musamman kayan ciki, in koma ganye da dangin wake. Na ce ko ɗan kaɗan? Ta ce wa mai ɗakina, ba ni ba, "Inna, ke za ki kula." Nan aka naɗa ta hakima a kaina ina zaune.

A gida ta kafa sharaɗi. Tukunyarta ta daina ganin nama. Tabarma kuwa in je, in raba musu namansu, amma kada ya wuce yatsuna. Ta kuma aika gidan Dakta cewa ya sa mini ido. Mutumin da muka yi shekaru muna cin kwano ɗaya, ya karɓi aikin leƙen asiri da murna, har yana gyara tabarau in an buɗe kwanon mahauci.

Muka shiga wake. Wake da shinkafa, ɗanwake, alale, faten wake, ƙosai, awara, a dawo wake da shinkafa. Har na fara jin kunyar haɗuwa da gonar wake a hanya.

Ana cikin haka ƙanwar mai ɗakina ta zo duba ni daga Gwaram. Hajiya ce ta gaske, ta yi shekaru a Saudiyya tana aikin girki a gidajen Larabawa, ta dawo da haƙorin zinariya da wata ɗabi'a ta ce wa kowa yalla, wato yi maza, har akuya. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo yayarta gidana tana 'yar mitsitsiya tana riƙe da buta.

Ta leƙa ƙafata ta ce, "Angon Yaya, ashe dai naman da ka ci na mutane ya taru a wuri ɗaya."

Na ce, "Ke da kika je Makka kika dawo da haƙori ɗaya, sauran ladan a ina kika bar shi?"

Ta buɗe jaka ta fito da leda biyu. Ɗaya cike da wasu 'yan ƙwayoyi ja-ja, fala-fala, kamar an daddatsa murjani. Ta ce sunansa adas. Ɗayar kuma wani abu ne kamar gurjiya, fari-fari, kowace ƙwaya da ɗan tsinin baki kamar kan ɗan tsako. Ta ce Larabawa humus suke ce masa. Na juya ɗaya a tafin hannuna, na ce ni ban san humus ba, wannan wake mai hanci ne. Sunan da ya bi shi ke nan a unguwarmu.

Da na ji adas kuwa sai karatuna ya motsa. Na gyara zama na ce, "Tsaya. A tafsirin azumi na ji labarin wasu mutanen da, ana saukar musu da tsuntsaye daga sama, naman banza ba saye ba yanka, suka ce su adas da albasa suke so. An yaba musu? Ba a yaba musu ba. Yanzu ku kuna so in bi sahunsu?"

Hajiya ta ce, "Ranar da aka sauko maka da tsuntsu daga sama ka ci, ba mai hana ka. Na mahauci aka hana."

Amsar da ta dace sai daga baya ta zo mini, amma ta riga ta tafi. Motar Gwaram na jiranta, tana ɗaura gyale yayarta ta bi ta da tambayar yadda ake dafawa, ta ce daga zaure, "Kamar wake, Yaya, kamar wake! Yalla!"

Adas bai ba da wahala ba. Mai ɗakina ta zuba masa kanwa ta ba shi wuta irin ta wake, kafin ta juyo ya narke ya zama kunu. Muka sha a cikin gida, asiri a rufe. Wake mai hanci shi ne ya je tabarma. Ta yi garau-garau da shi. Ta wanke, ta tafasa shi gwargwadon yadda take tafasa wakenmu, ta zuba shinkafa a kai, shinkafa ta nuna ta sauke, ta sa mai da yaji. A ido kam ba a magana. Ta ɗanɗana ta ji da tauri, ta ce wataƙila haka Larabawa ke so, su da haƙoransu ke da kyau.

Aka buɗe kwanona. Liman ya yi bismilla ya kai loma. Sai muka ji ƙas! Ya tsaya da baki a rufe, ido ya kawo ruwa. Liman haƙoransa na tauna ba su fi a ƙirga a hannu ɗaya ba, kuma kowanne yana ji da shi kamar ɗan fari. Mahauci ya kai tasa lomar, shi ma ƙas. Na ga liman ya juya kai gefe yana neman inda zai tofar, na tuna dokar kwano, na yi maza na ce, "Tsarabar Hajiyar Gwaram ce."

Ba ƙarya na yi ba. Ni kaina haka na ɗauka, duk abin da ya fito daga jakar Hajiya daga Makka ya fito. Mu nan ko tsinken sakace aka ce daga can yake, sai a karɓa da hannu biyu. Liman ya maido da kansa a hankali. Ya rufe ido ya haɗiye. Na ga ƙwayar tana gangarawa a maƙogwaronsa.

Ya ce, "Masha Allah. Abin ƙasa mai tsarki ba a tofar da shi."

Dakta ya ciro ƙwaya ɗaya daga bakinsa, ya matsa ta da yatsu, ta yi tsalle ta faɗa cinyar mahauci. Ya ce, "Jama'a, wannan fa bai dahu ba."

Mahauci ya ce, "Kai Dakta, ina ruwanka da abin Makka? Taurin nan ai albarka ce."

Dakta ya ce, "Albarka na san ta, ɗanyen wake ma na san shi."

Ba wanda ya kula shi. Ya tsince shinkafa ya ci, ya tura mana ƙwayoyin gabanmu, ya ce tun da mu ne masu rabo a ciki ba zai tauye mu ba. Muka haɗiye su kamar ƙwayar asibiti, loma ɗaya kurɓin ruwa ɗaya. Kwano ya koma gida a suɗe.

Mai ɗakina ta ga kwano, fuskarta ta washe. Ta ce ashe maza sun san abu mai kyau. Daga ranar wake mai hanci ya zama abincin alfarma a gidana, ba ya daɗewa bai fito tabarma ba. Da zarar an hango ni da kwano mai murfin fure, sai in ga dattawa suna gyara zama kamar masu jiran allura.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi da mutunci, don akwai malamai a ciki. Ɗanyen wake in ya shiga cikin tsoho ba ya zama shiru. Sahun farko na sallar asuba ya koma kamar tashar mota, wannan ya fita, wannan ya shigo, butoci ba sa hutawa. Liman, mutumin da ya saba jan dogayen surori har ƙafa ta yi sanyi, ya koma gajeru, yana sallamewa da sauri kamar ana binsa. Samari suka yi ta yaba masa, wai ya fara tausayin masu zuwa aiki. Ɗaya daga cikin masu taunar nan biyu ya ɓoye ƙwayoyi a aljihu, da mansu da yajinsu, ya kai gonarsa ta Kiyako ya shuka a tsakanin gero, wai ya sami irin Makka. Dafaffen abu, ko da rabin dahuwa ne. Har ya kewaye wurin da ƙaya.

Da ledar ta kusa ƙarewa Hajiya ta sake zuwa. Ta iske yayarta ta riga ta zuba shinkafa a kan na ranar. Ni kuma, don in nuna kulawa, na ce, "Hajiya, wa zai tafi umra a kwanan nan? Tsarabarki ta kusa ƙarewa, liman zai shiga damuwa."

Ta ce, "Umra kuma? Me ya haɗa umra da humus?"

"Ba daga Makka kika kawo ba?"

Ta yi dariya har haƙorin zinariya ya kama rana. "Makka! Rabona da Saudiyya tun jikanka na goye. A Kano nake aikawa a sayo, wani shago da Larabawa ke sayayya. Motar Gwaram ce ta kawo shi, a ƙarƙashin buhun albasa."

Sannan ta buɗe tukunya, ta ɗebo ƙwaya ta cije. Ta dubi yayarta. "Yaya, ba ki jiƙa ba?"

"Kin ce kamar wake."

"Innalillahi. Haka kuke ba bayin Allah? Wannan ai kwana yake a ruwa kafin ya ga wuta. Kuma suna ci?"

"Suna suɗewa."

Hajiya ta zauna a kan turmi tana riƙe ciki. Mai ɗakina ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, na yau an riga an zuba shinkafa, haka zai fita. Gobe a gyara. Ka riƙe bakinka."

Na ce to. Kuma da niyya na ce. Amma a duba lamarin da adalci. Mutum yana riƙe da labarin da ya fi kowane labari daɗi a unguwa, ga liman a gabansa ya nannaɗe hannun riga yana shirin haɗiyar tsakuwa don neman lada. Na daure aka ci kwanon farko. Na daure aka ci gwaten gidan Dakta. Da aka jawo kwano mai murfin fure, liman ya ɗaga ido sama ya ce Allah ya kai mu inda abin nan ya fito, sai na ji bakina ya ce, "Amin, ai ba nisa, kuɗin motar Kano ne."

Na kwashe labari na faɗa, har da buhun albasa. Dakta ya kwanta a tabarma yana shure-shure. Mahauci ya riƙa bugun ƙasa yana cewa a maido masa da alwalarsa. Liman da farko ya haɗe rai, daga baya ya ce a sanar da mai gonar Kiyako ya cire ƙayarsa, shi ma ya fashe. Ban taɓa ba da labarin da ya karɓu haka ba.

Da dariya ta lafa aka buɗe kwanon. Ba hannun da ya miƙa. Na ce bismilla, na kai loma don in ja su. Mahauci ya ce, "Malam, ci abinka, na Kano ne, ba zunubi." Aka ture shi gefe aka jawo na gaba.

Ban san kwano yana da nauyi ba sai da na ɗauko shi zuwa gida. Tsakanin masallaci da ƙofata gida huɗu ne, kuma a kowace ƙofa sai na ga kamar labule ya motsa. Na yi tunanin juye shi a kwata, na tuna abinci ne. Na yi tunanin zama a zaure in cinye, cikina ya ce in gwada in gani.

Mai ɗakina ta karɓa ta ji nauyinsa tun kafin ta buɗe. Ta buɗe, ta ga gurbin loma ɗaya, ta rufe. Na so ta yi faɗa, faɗanta na saba da shi. A hankali ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan kwanona bai taɓa dawowa haka ba. Ko shekarar da muka ci tuwon dusa." Ta ajiye shi. "Daga yau ba ya fita."

Na ce, "To ni fa?"

"Kai ma ka san doka."

Haka na koma cin abinci a tsakar gida, a kan kujerar tsugunno, tsakanin mata biyu da kaji. Hajiya ta fasa komawa Gwaram, ta ce sai ta wanke sunan humus. In an sallame magariba sai in sunkuyar da kai in wuce darbejiya kamar mai bin hanya, in shigo gida, in riƙa jiyo dariyarsu ta kan katanga. Ba abin da ya fi ciwo irin ka ji an yi dariya ba ka san dalili ba, kuma ba kai ka jawo ta ba.

Girki kuwa, tun da ba ni da wurin zuwa, a gabana aka yi shi, har aka ba ni aikin tsince tsakuwa a faifai. Wake mai hanci ana jiƙa shi tun yamma, ya kwana, da safe ka ga ya ninka ya yi ɓul-ɓul kamar ya ji labari mai daɗi. A zubar da ruwan, a sa sabo, a dafa shi shi kaɗai har sai ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba gardama. Daga nan ne ake yi masa hidima. Hajiya ta soya albasa da tumatir da attaruhu, ta sa citta da tafarnuwa, yayarta ta ce miya ba daddawa ai wanka ne ba sabulu, suka yi ta musu, daddawa ta ci nasara. Aka zuba shi a ciki da alayyafo, muka ci da tuwon shinkafa. Wata rana suka markaɗa jiƙaƙƙen da lawashi suka soya kamar ƙosai, ya fi namu ƙarfi a baki, ya fi shi ƙamshi. Wata rana Hajiya ta kirɓa dafaffen da riɗi da lemon tsami, ta kwarara mai a kai, ta ce a dangwala da gurasa. Na ce wannan abincin jarirai ne. Na dangwala don kada ta ji kunya, na yi ta kare ta daga kunya har kwanon ya ƙare.

Adas ma aka gano halinsa. Ba ya son kanwa, ba ya son doguwar wuta. Mai ɗakina ta haɗa shi da kabewa da 'yar yakuwa ta yi miyar da ta kama tuwon dawa kamar tare aka haife su. Wannan ba Hajiya ta koya mata ba, ita ta ƙirƙiro, kuma ta tabbatar kowa ya sani. Yatsana ya saɓe, takalmi ya shiga. Ban ce adas ne ba, ban ce magani ne ba, na bar wa Allah sani. Amma abinci mai daɗi a tsakar gida, ba mai musu da kai sai kaza, ni dai bai ƙosar da ni ba.

A can tabarma kuwa, bayan tafiyata rabon nama ya faɗa hannun mahauci, tun da sana'arsa ce. Abin da ba su lura ba, mahauci ya saba raba nama ne tsakaninsa da mai saye. Tsoka ta riƙa karkata gabansa, jijiya da ƙashi suna zagaya jama'a. Aka fara gunaguni, aka kai ga Dakta ya ɗauki kasonsa ya ɗaga sama ya tambaya ko wannan nama ne ko igiyar takalmi. Mahauci ya yi fushi ya ce daga kwanonsa naman ya fito. Tabarma ta kusa tashi.

Wata la'asar liman da Dakta suka yi sallama a zaurena. Na zaci wajena suka zo, na fito ina gyara hula. Liman ya ce in yi musu iso wajen uwargida. Ta zo ta tsaya a bayan ƙofar zaure, Hajiya na bayanta tana leƙe.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Uwargida, mun zo ban haƙuri. An yi kuskure."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, wane kuskuren? Na cin da kuka yi, ko na barin da kuka yi?"

Liman ya dubi Dakta. Dakta ya ce, "Mama, ni tun ranar farko na ce bai dahu ba."

"Ka ce wa maza. Matarka kullum tana gidan nan, da ka aiko ta ta raɗa mini, da ba a kai nan ba."

Dakta ya cire tabarau yana gogewa.

Ta ce, "Da kuna zaton na Makka ne kun haɗiye tsakuwa. Da kuka ji hannuna ne kawai a ciki, ko loma ɗaya ta kara ba ku yi mini ba. Shekara da shekaru kuna cin tuwona."

Ni na san liman da amsa a kan kowace mas'ala, har ta gadon wanda bai bar komai ba, amma ranar ƙasa ya yi ta kallo. Can ya ce, "Gaskiyarki. Faɗi abin da kike so."

Ashe ta riga ta shirya. Ta ce kwanonta zai fita, amma shi za a fara buɗewa, lokacin da yunwa ke da ƙarfi, kada a kai shi ƙarshe a ce an ƙoshi. Liman ya ce an yarda. Ta ce kuma nama ba zai dawo tukunyarta ba, wanda bai iya cin adas ba ya faɗa yanzu. Liman ya ce an yarda. Na fara murmushi, ina ganin na koma mulki.

Sai ta ce, "Na uku, Malam ya bar rabon nama."

Na ce, "A'a, tsaya, ai don rabon suka zo!"

"Mai raba nama yana lasar yatsa. Dakta, ƙarya nake?"

Dakta ya ce, "Mama, har wuyan hannu."

"To in an zo kwanon mahauci ya wanke hannu ya matsa gefe. Allah gafarta Malam liman ya raba, shi ne mai tsoron Allah."

Liman ya ce an yarda, da saurin da bai yi wa na farko da na biyu ba. Aka tuɓe ni a zaurena, a gabana, ba wanda ya nemi jin ta bakina. Hajiya ta leƙo ta ce, "Angon Yaya, Allah ya ba da haƙuri, mulki sai na Allah."

Magaribar ranar na fita da kwano. Miyar adas da kabewa ce a kan tuwon dawa, da ƙosan wake mai hanci a faranti. Aka fara da shi kamar yadda aka yi alkawari. Liman ya taɓa ƙosan da yatsa tukuna, ya ga ya lotsa, sannan ya kai baki, ya ci, ya ƙara, ya jawo farantin kusa da gwiwarsa. Mahauci ya yi loma biyu na yarjejeniya ya ce ba laifi, sai dai an manta wani abu. Har yau haka yake cewa, kuma har yau loma biyu yake yi, sauranmu muke rufa masa asiri. Kwano ya tashi a suɗe.

Aka ci na gidan Dakta, aka ci na sauran. Da aka jawo kwanon mahauci na tashi na wanke hannu, na koma bakin tabarma na zauna, rabin jikina a ƙasa. Liman ya nannaɗe hannun riga ya fara rabo. Tsoron Allah abu ne mai kyau, amma yana sa nama ya huce. Ya ɗauki yanka ya ajiye, ya sake ɗauka, ya gutsura ya ƙara wa wancan, ya ga ya yi yawa ya rage. Na daure iyakar iyawata.

Na ce, "Allah gafarta Malam, kason Dakta duk kitse ne, kuma ɓargon nan na ga yana karkata gabanka."

Mahauci ya ce, "Malam, kai fa ka wanke hannu."

Na ce, "Hannu aka ce in wanke, ba wanda ya ce in rufe ido."

Liman bai ɗago ba. Ya ɗauki ɓargon, ya yi jim, ya ajiye a gaban Dakta.